Kogon da Tarin Fuka Ya Bari

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu jinya, wadda duk sa'ad da na ji ta sai hankalina ya ƙi kwanciya, ita ce a ce wane ya sha maganin tarin fuka har ya ƙare, amma maganin bai karɓe shi ba. Dalilin damuwata kuwa shi ne, wannan jimla guda tana lulluɓe mas'aloli uku waɗanda alamominsu suka yi kama da juna kamar an tsaga kara, alhali sababinsu daban ne, hukuncinsu daban, har ma maganin ɗaya yakan zama ɓata lokaci ko cutarwa ga ɗaya. Ta farko ita ce ƙwayar tarin ta bijire wa magani da gaske. Ta biyu ita ce tarin ya riga ya mutu, amma funfuna ta tare a cikin raunin da ya bari a huhu, tana ɓarna da sunansa. Ta uku kuwa, wadda ta fi su tsanani, ita ce a sami abubuwan nan biyu cikin ƙirji ɗaya a lokaci ɗaya.

Na fara sanin wannan bambanci ne ta kan wani dattijo maƙwabcinmu, mai sarin gyaɗa, mutumin da ke kiyaye dokar likita kamar yadda yake kiyaye lokacin salla. Ya sha ƙwayoyinsa wata shida bai tsallake rana ba, aka auna kakinsa aka ce ya warke, aka sallame shi, muka yi masa barka. Bayan kamar shekara guda, wata asuba muna alwala a ƙofar masallaci, sai tari ya sarƙe shi, ya tofar, na ga jini ja wur a kan rairayi, shi kuwa ya yi maza ya ja ƙasa da gefen takalmi ya rufe, yana zaton duhu ya suturta shi. Na ce, "Baba, wannan fa ba abin ɓoyewa ba ne." Ya ce, "Malam, ai na riga na koma. Sun ce ba kome a kakin, amma hoto ya nuna ciwo, sun sake ɗora ni a kan magani." Haka ya sake shan wata shida yana ta ramewa, dangi suna raɗe-raɗin cewa irin mai taurin kan nan ne, wasu suna cewa sammu ne, har Allah ya haɗa shi da wani likitan ƙirji wanda ya zauna ya jera tsofaffin hotuna da sababbi ya dube su da natsuwa, ya sa aka ɗebi jini, aka kuma yi hoton siti-sikan. Abin da aka tarar shi ne dunƙulen funfuna kamar goro, zaune a cikin kogon da tsohon tarin ya haƙa a saman huhun dama.

Kafin a zo ga funfunar, wajibi ne a fahimci bijirewar ita kanta, domin mutane da yawa suna ɗaukarta tamkar wani sabon bala'i, alhali tagwaye suke da maganin, tare aka haife su. Tun daga ranar 24 ga Maris 1882, da Robert Koch ya nuna wa likitocin Balin ƙwayar da ke haddasa wannan ciwo, sai da duniya ta yi shekara sittin tana jira kafin Albert Schatz da Selman Waksman su gano sitireftomaisin a Amurka cikin 1943. Kuma a gwajin da Ingila ta yi masa, wanda aka buga sakamakonsa a 1948, an ga cewa cikin 'yan watanni ƙwayoyin mafi yawan majinyatan da aka bibiya sun daina jinsa. Sirrin abin lissafi ne. Kogo ɗaya a huhu yana iya ɗauke da ƙwayoyi miliyan ɗari ko fiye, kuma a cikin taro mai yawa haka ba a rasa 'yan ƙalilan da aka haifa da wata tawaya wadda ke sa wani magani ya kasa kama su. In aka ba da magani ɗaya tak, sai ya share masu jinsa ya bar wa marasa ji fili, su hayayyafa su gaji gidan. Saboda haka ne ake haɗa magani huɗu a farkon jinya, don wanda ya kuɓuce wa wannan ya faɗa hannun wancan.

Idan ƙwayar ta bijire wa manyan biyu, wato isoniyazid da rifamfisin, shi ne ake ce da shi tarin fuka mai bijire wa magunguna. Bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin mutum miliyan 10.8 da suka kamu da tarin fuka a 2023, kimanin 400,000 irin wanda rifamfisin ba ya ci ne, kuma waɗanda suka sami jinyar da ta dace a cikinsu ba su kai rabi ba. Duniya ta ga iyakar sharrinsa a garin Tugela Ferry na Afirka ta Kudu, inda aka ba da labari a 2006 cewa cikin majinyata 53 masu irin mafi tsanani, 52 sun rasu, akasarinsu cikin 'yan makonni. A nan ina so in ɗauke wani zargi daga kan marasa lafiya, domin an saba cewa laifinsu ne, sun yi wasa da magani. Wannan yakan faru, babu musu. Amma da yawa daga masu wannan iri a yau shaƙarsa suka yi kai tsaye daga wani, ba su taɓa haɗiyar ƙwaya ɗaya ba kafin nan, wasu kuma yankewar magani a asibiti ko kuɗin mota ne ya katse su.

To, ina alaƙar wannan da funfuna? Alaƙar tana cikin kogon. Yayin da jiki ke yaƙi da ƙwayar tari, tsakiyar wurin da aka yi artabun yakan mutu ya narke, mai ciwo ya tofar da shi a kaki, sai rami ya saura, galibi a saman huhu. Magani yana kashe ƙwayar, amma ba ya cike ramin. Abin da ya rage ɗaki ne mai ɗumi da laima, iska na shiga, amma jini ba ya ratsa cikinsa, kuma gashin nan ƙanana da ke share hanyoyin numfashi sun ƙone, don haka dakarun garkuwar jiki ba su da hanyar sintiri a ciki. Mai tarin da ya bijire kuwa, tun da yakan yi watanni yana shan maganin da ba ya ci kafin a gane halinsa, ciwon yakan sami sarari ya yi ta haƙa, har kogunansa su fi na kowa yawa da faɗi, sau da yawa a huhu biyu. Wato jinkirin da bijirewa ke jawowa shi ne ke gina wa funfuna gida.

Ita kuwa baƙuwar ba daga nesa take ba. Sunanta a wurin masana Aspergillus, sunan da Micheli, masanin tsirrai na Italiya, ya raɗa mata a 1729, domin da ya dube ta a madubin ƙara girma sai ya ga kanta ya yi kama da abin yayyafa ruwa na coci. Ita ce baƙin garin da kake gani a ƙarƙashin ɓawon albasa, danginta ne kore-koren da ke kama gyaɗa da masara idan an zuba su a rumbu ba su gama bushewa ba, kuma wadda ta fi ɓarna a huhu tana rayuwa ne a juji da tarin taki, inda zafin ruɓa ya horar da ita har zafin jikin mutum ya zame mata kamar inuwa. Irinta ya fi ƙurar gari laushi, kowannenmu yana shaƙar ɗaruruwa a kullum, lafiyayyen huhu kuma yana share su ba tare da mai shi ya sani ba. Amma in ƙwaya ɗaya ta faɗa cikin kogo, sai ta tsiro ta miƙa zare, ta shimfiɗu a bango, a hankali shimfiɗar ta ɓamɓare ta dunƙule da majina da gudan jini ta zama curi. Wani lokaci curin a sake yake, har in an ɗauki hoton mai ciwo a rigingine aka sake ɗauka a rub-da-ciki, sai a ga ya gangara kamar tsakuwa a cikin gora. Bangon kogon yakan yi ta kauri yana faɗaɗa, jijiyoyin jinin da ke kewaye da shi su kumbura su yi rauni, daga nan ne jinin da na gani a kan rairayi ya fito. Kuma in babbar jijiya ce ta fashe, mutum na iya shaƙewa da jininsa cikin sa'a guda.

Yawan abin ba zato ba ne, an ƙidaya. A Ingila, ƙungiyar likitocin tarin fuka ta bibiyi mutum 544 waɗanda suka warke amma kogo ya saura musu, ta bayyana a 1968 cewa kashi 11 cikin ɗari suna da curin funfuna a hoto, da aka sake dubawa bayan 'yan shekaru kuma adadin ya hau zuwa 17. A 2011 David Denning da abokan aikinsa suka ƙiyasta cewa mutum kimanin miliyan 1.2 a duniya suna fama da wannan ciwo a bayan tarin fuka. A Gulu ta arewacin Yuganda, binciken da aka buga a 2019 ya nuna cewa cikin waɗanda kogo ya saura musu, kashi 6.5 cikin ɗari ne ke kamuwa a kowace shekara, alhali cikin waɗanda ba su da kogo kashi 0.2 ne kacal, kuma ban san wata hujja da ta fi wannan bayyana cewa kogon ne ƙofar ba. A Nijeriya ma, Rita Oladele da abokan aikinta sun auna mutum 208 da ake yi wa jinyar tarin fuka ko aka gama musu suna ta fama, suka tarar kusan tara cikin ɗari funfuna ce ke cinsu.

Sai dai akwai wata shubuha da ya kamata a kawar, domin wuce gona da iri shi ma ɓata ne. Ana yawan ganin rahotanni masu cewa kashi kaza mai yawa na masu tarin fuka suna da funfuna a huhu, amma in ka bi diddigi sai ka tarar abin da aka ƙirga shi ne duk wanda wani abu ya tsiro daga kakinsa a ɗakin awo. Mafi yawan abin da ke tsirowa kuwa Candida ce, wadda mazauniyar baki da maƙogwaro ce, musamman ga wanda ya daɗe yana shan magunguna, kuma da wuya ƙwarai ta zama ciwon huhu. Ita Aspergillus ɗin ma tana iya faɗowa cikin kwanon awo daga iskar ɗakin. Ganin baƙo a ƙofar gida ba shi ne shaidar ya yi sata ba. Don haka masana suka gindaya sharuɗɗa kafin a yanke hukunci: alamomi su kai wata uku, hoto ya nuna kogo ko curi ko kaurin fatar huhu, sa'an nan jini ya nuna cewa garkuwar jiki ta san funfunar kuma tana yaƙarta. Wannan awon jini shi ne ginshiƙi, kuma yanzu har akwai irinsa na ɗan tsinke wanda ba ya bukatar babban ɗakin awo.

Alamomin dai iri ɗaya ne da na tari: tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, rama, kasala, zufar dare, ciwon ƙirji, jini a kaki. Kama da wane kuwa ba ta wane. A da, likita yana da uzuri, domin shuka kaki don a ga ko ƙwayar ta bijire yana cin makonni da yawa; amma tun Disamba 2010, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da na'urar GeneXpert, wadda cikin sa'a biyu takan faɗi ko akwai ƙwayar tari da kuma ko rifamfisin na cinta, uzurin ya ragu. Idan na'urar ta ce babu, aka maimaita ta ce babu, kuma ga kogo a hoto, to a ra'ayina sake ɗora mutum a kan maganin tari ba tare da an auna jininsa don funfuna ba, barin jaki ne ana dukan taiki. Akwai kuma wani tarko ta ɗaya gefen: na'urar tana ganin gawar ƙwayar kamar yadda take ganin mai rai, saboda haka wanda ya warke ba da daɗewa ba tana iya cewa yana da shi alhali saura ne kawai. Haka nan samun ƙwayar tari mai bijirewa da gaske ba ya kore samuwar funfuna, domin ɗaki ɗaya na iya ɗaukar su duka.

A wannan hali na uku ne gizo ke saƙar, domin magungunan ɓangarorin biyu ba sa ga maciji da juna. Maganin funfunar huhu na baki shi ne itirakonazol, ko borikonazol, ana sha aƙalla wata shida, kuma wani gwaji da aka yi a Chandigarh ta Indiya ya nuna wata goma sha biyu ya fi hana dawowa. Rifamfisin kuwa yana zaburar da hanta ta riƙa niƙe magunguna da gaggawa, har itirakonazol ya kusa ɓacewa daga jini kafin ya yi aiki. Wato mai shan maganin tari na yau da kullum, in an ƙara masa na funfuna, kuɗinsa kawai yake zubarwa. Mai tarin da ya bijire ba a ba shi rifamfisin, sai a yi tsammani ya tsira daga wannan rikici, ashe gudun gara ne aka faɗa gidan zago. Sabon tsarin wata shida da Hukumar ta yi umarni da shi a 2022, wanda ya haɗa bedakwilin da firetomanid da linezolid da moksifuloksasin, rahama ce babba in aka tuna zamanin shekara biyu da allurar da ke kurumtar da mutane, ko ma tsarin wata tara na Bangaladash wanda Nijar tana cikin ƙasashen farko da suka gwada shi a Afirka. Amma magungunan funfuna suna yin kishiyar abin da rifamfisin ke yi, suna rage wa hanta sauri, sai bedakwilin ya taru a jini fiye da kima. Shi da moksifuloksasin kuma suna jinkirta saitin bugun zuciya, itirakonazol da borikonazol suna ƙara jinkirin, har a kai ga haɗarin zuciya ta rikice farat ɗaya. Ga hanta tana ɗauke da kaya biyu, ga linezolid da ke sa ƙafafu su riƙa zugi da mutuwar jiki, alhali magungunan funfunar ma in an daɗe ana sha suna taɓa jijiyoyin nan.

Abin da ƙwararru ke yi a nan ya yi kama da ƙa'idar malaman fiƙihu ta ɗaukar mafi sauƙin cutarwa biyu. Tarin ne ake gabatarwa, domin shi ne ke yaɗuwa ga iyali kuma shi ya fi saurin kisa. In funfunar curi ce guda mai zaman lafiya, ba jini, ba rama, ana iya sa mata ido har a gama da tarin. In kuwa tana ci gaba da cin huhu, sai a haɗa jinyar biyu bisa lalura, da sharaɗin a riƙa auna bugun zuciya da hanta da gishirin jini a kai a kai, ko a nemi isabukonazol wanda ba ya jinkirta zuciya, ko da yake tsadarsa ta sa ya fi ƙarfin mafi yawan mutane. Jini in ya ɓalle akwai ƙwayar tsayar da shi, akwai toshe jijiyar ta cikin bututu a manyan asibitoci. Curi guda a huhun da sauransa ke da ƙarfi kuwa, fiɗa ce ke raba shi da mai shi gaba ɗaya.

Funfunar ma ta koyi bijirewa, kuma ba a asibiti kaɗai ta koya ba. A Holan aka fara lura cewa majinyatan da ba su taɓa shan itirakonazol ba suna zuwa da irin da ba ya jinsa, da aka bi sawu sai aka tarar magungunan feshin gona 'yan gida ɗaya ne da na asibiti, funfunar juji ta saba da su tun a waje. Wannan yana cikin dalilan da suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a jerin funfuna 19 masu haɗari da ta fitar a Oktoba 2022, ta sa funfunar jujin nan a sahun farko. 

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka tsara jinyar. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, kuma gwamnati da masu tallafa mata sun yi abin yabo da suka sa awon kaki da magani kyauta, har da na mai bijirewa. Amma littafin rajista yana rufewa ne ranar da aka rubuta "ya warke", daga nan mutum ya fita daga lissafin kowa, shi da kogonsa. Awon jini na funfuna ba a ko'ina ake samunsa ba, itirakonazol kuma, duk da an sa shi cikin jerin magunguna na tilas na Hukumar tun 2017, daga aljihu ake sayensa wata da watanni. Sai ya zama maganin kyauta da ba shi ne na ciwon ba ya fi kusa da hannun likita da majinyaci bisa maganin kuɗi da ya dace. Ina ganin mafi ƙarancin haƙƙin wanda ya sha wahalar jinyar tari mai bijirewa shi ne a ɗauki hoton ƙirjinsa ranar sallama, in an ga kogo a gaya masa ƙarara, a sa masa ranar dawowa, a kuma koya wa ma'aikatan cibiyoyin tari, tun daga makarantar horarwa ta Saye a Zariya har ƙaramin asibitin ƙauye, su riƙa tuna funfuna duk sa'ad da kaki ya ce babu amma mutum yana tofar da jini.

Shi dattijon namu, da aka tsayar masa da maganin tari aka jira 'yan makonni hantarsa ta koma daidai, sai aka fara masa itirakonazol, 'ya'yansa suna karo-karo kowane ƙarshen wata. Jinin ya ɗauke a hankali, kumatunsa suka ɗan ciko, ko da yake har yanzu in ya hau tudun kasuwa sai ya tsaya ya huta sau biyu. Likita ya hana shi shiga sito lokacin da ake zazzage buhuna da shiƙa, don haka babban ɗansa ne ke ciki, shi kuwa yana zaune a waje ta inda iska ke fitowa, ya ja rawani ya rufe hanci, yana ƙirga buhu da carbi. Hotunan ƙirjinsa duka, tun na farkon ciwo, suna cikin wata babbar ambulan a ƙarƙashin katifa, an rubuta wa kowanne kwanan wata a kusurwa, kuma duk wata uku yakan ɗauko su ya saƙale a hammata ya tafi a sake aunawa.